Hanci Iri Iri

In malam ya ba ku izini, ku juya ku dubi fuskokin 'yan ajinku ɗaya bayan ɗaya. Kowa yana da ido biyu, da kunne biyu, da baki ɗaya, da hanci ɗaya a tsakiyar fuska. To, ku tsaya a kan hancin, ku dube shi da kyau. Za ku ga na wani dogo ne siriri, ya miƙe tun daga tsakanin gira har ya kusa leɓe. Na wani gajere ne mai faɗi, ƙofofinsa a buɗe. Na wani yana da ɗan tudu a tsakiya kamar tozon raƙumi. Na wani kuwa tsakiyarsa ta lotsa, tsininsa ya ɗaga sama. Akwai kuma wanda tsininsa ya lanƙwaso ƙasa kamar bakin shaho. Ko a aji mai yara 40, da wuya ku sami biyu waɗanda hancinsu ya zo daidai, sai fa in tagwaye ne masu kama ɗaya.

Hausawa sun daɗe da lura da wannan. In za a kwatanta maka wanda ba ka sani ba, a kan ce, "Wani dogo ne baƙi, mai karan hanci," ko kuwa a ce, "Wata gajeruwa ce, hancinta a baje." In ana yabon amarya kuma har a kan ce hancinta har baka. A shekarar 2011 wani malami mai suna Abraham Tamir ya tara hotunan hanci fiye da 1,700, ya zauna ya rarraba su, ya ce ya sami iri 14. Amma da wani ne ya yi rabon, mai yiwuwa ya ce 10 ne, ko 20, gama babu wata iyaka tsakanin wannan iri da wancan. Daga mafi siranta zuwa mafi faɗi, babu matakin da ba za a sami mai shi ba.

To, me ya kawo wannan bambanci? Ado ne kurum, ko kuwa akwai dalili? Ba za mu gane amsar ba sai mun san yadda aka gina hanci, da irin aikin da ya ke yi mana.

Ku sa yatsa biyu can sama, tsakanin idanunku, ku danna a hankali. Kun ji tauri? Wannan ƙashi ne. Ƙasusuwa ne biyu 'yan ƙanana, sun jingina da juna kamar jinkar ɗaki. Sa'an nan ku gangaro da yatsun ƙasa sannu sannu. Za ku ji inda ƙashin ya ƙare. Daga nan zuwa tsini, abin da ke ciki yana lanƙwasuwa, in kun sake shi ya koma yadda ya ke. Wannan shi ne guringuntsi, irin wanda ke cikin kunnenku. Tsakanin ƙofofin biyu kuma akwai wani ɗan bango wanda ya raba hanci gida biyu, gabansa guringuntsi, bayansa ƙashi. In ƙasusuwan nan biyu sun tashi sosai, sai a ce mutum yana da karan hanci. In sun kwanta, sai hanci ya zama a baje. Tsawon guringuntsi da ƙarfinsa su ke sa tsini ya ɗaga ko ya sunkuya. Kaurin fata ma yana da nasa rabo.

Amma duk wannan da mu ke gani daga waje zaure ne kurum, gidan yana ciki. Bayan ƙofofin hanci akwai ɗakuna biyu masu zurfi, sun bi ta bisa rufin baki har sun kai maƙogwaro. A jikin bangon kowane ɗaki akwai wasu siraran ƙasusuwa guda 3, a naɗe kamar busasshen ganye. An lulluɓe su da wata fata mai taushi, mai damshi kullum, cike da 'yan ƙananan jijiyoyin jini. Jijiyoyin nan suna kusa da waje ƙwarai, shi ya sa da an ɗan bugi yaro a hanci sai ya yi haɓo.

Babban mutum in yana zaune ya kan ja numfashi kamar sau 15 a minti guda. Ku ɗauki alli ku lissafa. A sa'a guda sau 900 ke nan, a yini da kwana kuwa sau 21,600. Kowane ja ɗaya ya kan shigar da iska kamar rabin lita. Watau a kwana guda iskar da ke bi ta hancinsa ta fi lita 10,000, abin da zai cika durom fiye da 50, irin mai cin lita 200. Ku yara ma kun fi manya saurin numfashi.

Duk iskar nan huhu za ta. Huhu kuwa ɗan gata ne, ba ya son sanyi, ba ya son bushewa, ba ya son ƙura. Yana so iska ta iso masa da ɗumi irin na jiki, watau kusan digiri 37, da laima kamar ta safiyar damina, kuma a tace. Hanci shi ne mai shirya masa ita. Gashin da ke bakin ƙofa ya kan tare manyan ƙura da ƙananan ƙwari. Abin da ya wuce gashi sai ya manne a majina. Kada ku rena majina, ku ce ƙazanta ce kawai. Hancin lafiyayyen mutum ya kan yi ta kusan lita guda kullum, wasu 'yan gasu waɗanda ido ba ya gani suna ta tura ta baya zuwa maƙogwaro, muna haɗiyewa ba mu sani ba. Jinin da ke gudu cikin jijiyoyin nan shi ke ɗumama iskar, damshin fatar kuma ya jiƙa ta. Duk wannan kafin ƙiftawar ido an gama.

In kuna so ku tabbata, ku gwada da asuba lokacin hunturu. Ku toshe hanci, ku yi ta jan iska ta baki kamar sau 20. Nan da nan za ku ji maƙogwaro ya bushe yana ƙaiƙayi, har tari ya taso. Sa'an nan ku rufe baki ku ja ta hanci, ku ji bambanci. In iska za ta fito kuma, hanci ya kan ƙwace wani abu daga ɗumi da ruwan da ya ba ta, don kada jiki ya yi hasara. A wajen wannan dabara babu kamar raƙumi. Cikin hancinsa naɗe-naɗe ne masu yawa, in ƙishirwa ta dame shi su kan tsotse ruwan da ke cikin numfashinsa kafin ya fita. Wannan yana cikin abubuwan da ke sa ya jure tafiyar hamada.

Yanzu fa mun iso ga maganar siffa. Ku tuna da lungun cikin birni, da kuma babban titi. In jama'a suka shiga matsattsen lungu, kusan kowa sai ya gogi bango, ko na dama ko na hagu. In kuwa a babban titi ne, na tsakiya su kan wuce ba su taɓa kome ba. Haka iska ta ke cikin hanci. Wadda ta gogi bango ita ke samun ɗumi da laima. Saboda haka dogon hanci matsattse ya fi iya ɗumama iska da jiƙa ta. Faffaɗan hanci kuwa ya fi barinta ta wuce a sauƙaƙe, ba wahala. Kowanne da inda ya fi amfani.

Akwai ƙasashe can arewacin duniya, kamar Girinland da arewacin Kanada, inda sanyi ya kan kai har teku ta daskare, mutane su yi tafiya a kanta da ƙafa. Iska mai sanyi ba ta iya riƙe ruwa da yawa, don haka iskar can ga sanyi ga bushewa. Mutanen da suka daɗe a can, waɗanda a ke kira Inuwit, ƙofar hancinsu matsattsiya ce. Haka kuma yawancin mutanen arewacin Turai. Ku juyo kuma ku dubi kurmin Kwango, ko bakin teku wajen Fatakwal da Kalaba. Can iska da ɗuminta ta ke zuwa, da laimarta, har riga ba ta bushewa da wuri in an shanya. Hanci ba shi da wani babban aikin ɗumamawa ko jiƙawa. A irin waɗannan wurare faffaɗan hanci ya fi yawa.

Kada ku ce ashe maganar fari da baƙi ce. Ba ita ba ce. Ku dubi Abzinawa na hamada, da Fulani, da Somaliyawa, da mutanen tuddan Habasha. Duk 'yan Afirka ne, amma da yawa daga cikinsu hancinsu siriri ne dogo. Hamada tana da zafi da rana, amma iskarta busasshiya ce ƙayau, da dare kuma ga sanyi. Birnin Adis Ababa kuwa yana bisa tudu, sama da mita 2,300 daga fuskar teku, iskarsa da sanyi-sanyi. Ashe ba launin fata hanci ke bi ba, ya fi bin irin iskar da kakannin mutum suka shaƙa. Ba'abzine ma bai bar wa hancinsa aikin shi kaɗai ba. In ya naɗa rawani ya kan ja amawali ya rufe baki da hanci, ya tare yashi, ya kuma tsare laimar numfashinsa.

Wanda ya yi suna wajen bayyana wannan magana wani Bature ne, Arthur Thomson, malamin ilmin jikin mutum a jami'ar Oksfod ta Ingila. A shekarar 1923, shi da abokin aikinsa Dudley Buxton suka tattara awon hancin kabilu masu yawa na duniya, suka gwama shi da zafi da laimar ƙasashensu. Suka ga inda zafi da laima suka yi yawa hanci ya kan yi faɗi, inda sanyi da bushewa suka yi yawa ya kan matse.

Ga yadda a ke awon, lissafi ne mai sauƙi. A auna faɗin hanci a inda ya fi faɗi, wajen ƙofofi. A auna tsawonsa daga tsakanin idanu zuwa inda ya haɗu da leɓe. A ninka faɗin sau 100, a raba da tsawon. Misali, in faɗi milimita 33 ne, tsawo 55, amsa 60 ke nan. In faɗi 45 ne, tsawo 50, amsa 90. Wanda amsarsa ba ta kai 70 ba a kan ce siririn hanci gare shi. Daga 70 zuwa wajen 85 matsakaici ne. Abin da ya haura haka faffaɗa ne.

A zamanin Thomson da ɗan ƙarfen awo a ke wannan aiki. Yanzu kuwa akwai na'urar ɗaukar hoto wadda ke auna tudu da kwarin fuska duka, ta ba kwamfuta ta lissafa. A shekarar 2017 wasu masana na jami'ar jihar Fensilbaniya ta Amurka, cikinsu akwai Arslan Zaidi da Mark Shriver, suka yi amfani da irin wannan na'ura. Suka auna mutanen da asalinsu Afirka ta Yamma ne, da na arewacin Turai, da na gabashin Asiya, da na kudancinta. Su ma suka tarar faɗin ƙofar hanci yana tafiya tare da zafi da laimar ƙasar kakanni. Maganar da aka yi tun shekara 94 kafinsu ta tsaya.

Wani yaro zai tambaya, ya ce, "To, in Bakano ya tafi Ingila ya zauna shekara 30, hancinsa zai matse?" A'a, ko kaɗan. Da hancin da ya tafi da shi zai komo, 'ya'yan da ya haifa a can ma hancin gidansu za su ɗauko. Sauyin da mu ke magana ba ya faruwa a rayuwar mutum ɗaya, ko ta jikansa. Abu ne na dubban shekaru. Ga yadda masana su ke ganin ya faru. A ƙasar tsananin sanyi, a zamanin da babu asibiti, babu magani, wanda hancinsa ya fi iya ɗumama iska ya fi samun sauƙin ciwon ƙirji ko da da kaɗan ne. Irinsu su suka fi rayuwa su girma su haifu, 'ya'yansu kuma su gaji hancinsu. Bambancin ɗan ƙanƙane ne a kowane zamani, amma yau da gobe, kaka bayan kaka, sai ya taru ya zama kamannin jama'a duka.

Hanci dai gado ne. A cikin jikin kowane mutum akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da a ke kira ƙwayoyin gado, rabi daga uwa, rabi daga uba. Su ke faɗa wa jiki yadda zai ginu. A shekarar 2016 masana na wata jami'a a Landan suka duba fuskokin mutum wajen 6,000 daga ƙasashe 5 da ke kudu da ƙasar Amurka, cikinsu har da Burazil da Meziko da Peru. Suka gano ƙwayoyin gado 4 masu hannu a siffar hanci. Wata tana da hannu a faɗin kara, biyu a faɗin ƙofofi, wata a tsini. Bayansu an gano wasu kuma da yawa. Tun da ya ke ba ƙwaya ɗaya ce ke yin aikin ba, shi ya sa yaro ya kan ɗauko karan hancin ubansa, da ƙofofin na uwarsa, ko kuwa ya tsallake su duka ya ɗauko na kakarsa. Shi ya sa kuma 'yan uwa ciki ɗaya su kan bambanta.

A wasu gidaje in an yi haihuwa, ungozoma ko kaka ta kan ɗumama hannu ta riƙa jan hancin jariri wajen wanka, wai don ya yi kara. In yaron ya girma da dogon hanci sai ta ce aikinta ne. Mu ba ta girmanta, amma gaskiya ba jan ne ya yi ba. Kusan kowane jariri a duniya, na Bature ne ko na Bahaushe, da ɗan gajeren hanci a baje a ke haihuwarsa. Wannan kuwa yana da amfani, gama jariri ta hanci ya ke numfashi sa'ad da ya ke shan nono, ɗan gajeren hanci kuwa ba ya toshewa in ya manna fuska a jikin uwarsa. Kara daga baya ya ke tasowa, gwargwadon abin da yaro ya gada. Ja da ƙarfi ba ya ƙara kome, sai dai ya ji wa jariri ciwo.

Ku ma da ku ke karanta wannan, hancinku bai gama girma ba. Sai mutum ya kai shekara 15 zuwa 17 ya ke tsayawa, 'yan mata kuwa su kan riga samari. Tun daga wajen shekara 11 na maza ya kan soma fin na mata girma, har in an girma ya fi shi da kamar kashi 10 cikin 100. Masana suna ganin dalili shi ne namiji ya fi yawan tsoka, tsoka kuwa tana bukatar iska da yawa. In tsufa ya zo, guringuntsi ya kan saki, tsini ya sunkuyo, sai a ga kamar hancin tsoho ya ƙara tsawo. Wani mutumin Turkiyya mai suna Mehmet Ozyurek ya shiga littafin abubuwan mamaki na Guinness saboda tsawon hancinsa, santimita 8.8. Ya rasu a shekarar 2023. Ku duba a rula ku ga inda 8.8 ta ke.

Amma fa kada ku ɗauka maganar iska ta bayyana kome da kome. 'Yan Adam matafiya ne. Fatauci, da kiwo, da yaƙi, da yunwa, da aikin haji sun yi ta kai mutane ƙasashen da ba na kakanninsu ba, suka zauna, suka yi aure. Ƙasarmu ma babban misali ce. Tana tsakanin hamada da kurmi, ayarin arewa da na kudu sun yi ɗaruruwan shekaru suna haɗuwa a kasuwannin Kano da Katsina da Damagaram. Don haka ne a aji ɗaya, kai har a gida ɗaya, a ke samun hanci kowane iri. Ban da wannan kuma akwai abin da mutane su ke so. In jama'ar wani wuri suna ganin wani irin hanci ya fi kyau, masu shi su kan fi samun aure da wuri, irinsa ya yaɗu.

Kyau kuwa kowace ƙasa da nata ma'auni. Mu nan muna yabon dogon hanci. A ƙasar Iran, inda dogon hanci mai tudu ya yi yawa, mutane da dama su kan biya likita kuɗi mai yawa ya rage musu nasu. A Koriya ta Kudu da Sin kuwa, inda kara ya kan kwanta, wasu biya su ke yi a ɗaga musu shi. Abin da wannan ke kai wa likita ya cire, shi wancan ke nema a sa masa.

Wajen jin ƙanshi fa, wane iri ya fi? Babu. Ba a zaure a ke jin ƙanshi ba, can cikin gida ne. A rufin ɗakunan nan biyu, daidai ƙasan ƙwaƙwalwa, akwai wani ɗan fili wanda bai fi kan sarki girma ba. A nan jijiyoyin sansano su ke, masu karɓar wari da ƙanshi iri kusan 400. Wasu masana biyu na Amurka, Linda Buck da Richard Axel, su suka gano yadda su ke aiki a shekarar 1991, aka ba su kyautar Nobel a 2004. Mai dogon hanci da mai faffaɗa duk ɗaya su ke a nan. Hausawa sun ce hanci bai san daɗin gishiri ba, kuma gaskiya ne, gishiri aikin harshe ne. Amma daɗin daddawa da na soyayyar albasa yawancinsa hanci ne ke jinsa. Shi ya sa in kuna mura miya ta kan yi muku salam.

Akwai kuma abin da siffar hanci ba ta nunawa ko kaɗan. Ba ta nuna hankali, ko hali, ko daraja. Wannan magana tana da nauyi, gama an taɓa ɗaukar awon nan da muka koya aka yi mummunan aiki da shi.

A tsakiyar Afirka akwai wata 'yar ƙasa mai tuddai da yawa, sunanta Ruwanda. Yawancin mutanenta Hutu ne da Tutsi. Harshensu ɗaya, a tuddai ɗaya su ke zaune, suna auren juna. Tutsi sun fi yawa cikin masu shanu da masu sarauta, Hutu kuwa sun fi yawa cikin manoma. A shekarar 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Farko, Turawan Beljiyam suka ƙwace ƙasar daga hannun Jamus. Turawan zamanin nan sun ɗauka cewa mai tsawo, mai siririn hanci, ya fi kusa da su, saboda haka wai ya fi hankali, shi ya cancanci mulki. Suka zo da ƙarfen awo suna auna tsawon mutane da hancinsu. Daga shekarar 1933 suka ba kowa katin shaida, aka rubuta kabilarsa a kai, ɗa kuma ya bi ubansa. Suka fifita Tutsi wajen makaranta da aikin hukuma. Da aka kusa samun mulkin kai, wanda ya zo a 1962, sai suka juya suka goyi bayan Hutu. Gaba ta yi ta ruruwa tsakanin maƙwabta, miyagun shugabanni kuma suna ƙara mata itace.

A shekarar 1994, daga watan Afrilu zuwa Yuli, cikin kwana 100 kurum, aka kashe mutum fiye da 500,000, wasu masu ƙidaya ma sun ce 800,000 ne ko fiye. Mafi yawansu Tutsi ne, tare da Hutun da suka ƙi yarda da kisan. A kan tare hanya a ce kowa ya nuna katinsa. Wanda ba shi da kati sai a dubi tsawonsa da hancinsa. Ta haka aka kashe har Hutu masu siririn hanci, don an zaci Tutsi ne, gama bayan auratayya ta ɗaruruwan shekaru fuska ba ta iya raba su. Ba hanci ne ya jawo wannan masifa ba, dalilanta suna da yawa, za ku karanta su in kun yi nisa a tarihi. Da yaƙi ya ƙare, sabuwar gwamnatin Ruwanda ta hana rubuta kabila a katin shaida. Katin da a ke bayarwa yanzu ba ya cewa Hutu ko Tutsi.

Tambayoyi da Aiki

1. Wane sashe na hanci ne ƙashi, wane ne guringuntsi? Ku nuna a fuskarku.

2. Me hanci ke yi wa iska kafin ta isa huhu?

3. Don me siririn hanci ya fi amfani a ƙasar sanyi da ta hamada? Ku ba da amsa da misalin lungu da titi.

4. Faɗin hancin wani milimita 36 ne, tsawonsa 48. Ku yi lissafi, ku faɗi ko siriri ne, ko matsakaici, ko faffaɗa.

5. Ku ƙirga numfashinku na minti guda kuna zaune. Sa'an nan ku zaga fili da gudu, ku sake ƙirgawa.

6. Ku sami madubi da sanyin safiya, ku kara shi a ƙarƙashin hanci, ku rufe baki, ku fitar da numfashi. Za ku ga tabon raɓa biyu, galibi ɗaya ya fi ɗaya girma, gama ƙofofin hanci karɓa-karɓa su ke yi, in ɗaya tana aiki sosai ɗayar ta ɗan huta. Ku rubuta wanda ya fi girma, na dama ko na hagu. Bayan sa'a 3 ko 4 ku hura wa madubin kuma, ku kawo wa malam abin da kuka gani.